Yadda Ake Shirya Doki Haifaffen Gida Don Sukuwa: Mako 12 Daga Turke Zuwa Fage

Da zarar an fara raɗe-raɗin ranar sukuwa, sai ka ga masu dawaki a Jos sun rikice. Mutumin da dokinsa ya yi wata huɗu a turke yana shan dusa, ba ya fita sai ranar hawa ko rakiyar ango, shi ne zai ce wa yaron barga: "Gobe da asuba ka fita da shi, ka sake masa linzami." Ni ma na taɓa yin wannan wautar da wani akawal da nake ji da shi. Saura mako 3 tsere na fara ƙure masa gudu a kan busasshiyar ƙasa ta watan Disamba. Rana ta 9 da safe na tarar da tsohon da ke kula mini da barga a durƙushe, ya riƙe ƙafar gaba ta hagu. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Alhaji, zo ka taɓa nan." Bayan sangalin ya kumbura kamar an cusa ayaba, ga zafi. Jijiya ta tafi. Dokin ya yi kusan shekara bai ɗauki sirdi ba, kuma gudunsa na da bai dawo ba.

Abin da na koya daga nan shi ne ginshiƙin wannan jagora: zuciya da tsokar doki suna saurin samun ƙarfi, cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiya sai a hankali, wata da watanni. Doki zai nuna maka yana son gudu tun ƙafarsa ba ta isa ɗaukar gudun ba. Aikinka shi ne ka hana shi.

Mataki na farko: san ajin dokinka

A filayen sukuwa na Arewa akan raba dawaki aji-aji, ka ji ana cewa tseren Arewa, na Talon, na Sudan, da na tsantsar jinin Ingila, wato torobired. Wannan na ƙarshe jini ne da aka tsare da rubutu: duk asalinsu yana komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila, Byerley Turk, Darley Arabian da Godolphin Arabian, kuma tun 1791 ake rubuta zuriyarsu a kundi. Dokin da uwarsa da ubansa ba sa cikin irin wannan kundi, ko da ya fi barewa gudu, ba torobired ba ne.

To "haifaffen gida" kuma fa? A nan ne rigima take tashi. Haifaffen gida yana nufin a ƙasar nan goɗiya ta haife shi, ko da iyayensa daga waje aka kawo su. Jinin gida kuma zancen asali ne. Dukushin da aka haifa a Bukuru daga ingarman waje haifaffen gida ne, amma ba za a bar shi ya shiga cikin dawakin Arewa ba, don zalunci ne. Saboda haka kafin ka kashe ko kwabo, je wurin masu shirya gasar ka tambaye su abu huɗu: me suke nufi da haifaffen gida, wace shaida suke karɓa, nisan tseren mita nawa ne, kuma nauyin mahayi nawa suka ƙayyade. In da hali a ba ka a rubuce.

Shaida kuwa tun ranar haihuwa ake tara ta. Goɗiya takan yi kusan wata 11 da ciki. Ranar da ta haihu ɗauki hoton dukushin yana tsaye kusa da uwarsa, rubuta kwanan wata, sunan uba, launi, farin goshi da farin ƙafa, ka sa likitan dabbobi ya sa hannu. Wanda ya sayo doki a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba shi da wannan, sai dai shaidar dillali, ita kuwa ka san nauyinta.

Mataki na biyu: duba shi kamar ba naka ba

Buɗe baki ka ga haƙora. Haƙoran gaba na tsakiya suna canzawa a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi, a shekara 5 baki ya cika. A Turai suna tseren 'yan shekara 2, amma dawakinmu da ba su samu irin wancan kiwon tun suna ciki ba, ni dai ba na sa su gudu mai tsanani kafin shekara 4.

Sai ƙafa. Sa yaro ya ja shi da ragama a kan wuri mai tauri, ya yi sassarfa ya nufo ka, ya juya ya koma. Idan kansa yana ɗagawa duk sanda wata ƙafar gaba ta taɓa ƙasa, wannan ƙafar ce ke ciwo. Doki mai ɗingishi ba a fara masa horo, komai ƙanƙantar ɗingishin.

Daga nan ka san lafiyarsa da lissafi. Bugun jijiyar doki mai hutawa 28 zuwa 44 ne a minti, numfashi 8 zuwa 16, zafin jiki digiri 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Selsiyos. Jijiyar jinin da ake jin bugun tana ƙarƙashin muƙamuƙi, za ka ji ta kamar igiya a ƙarƙashin yatsa; ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau 4. Yi haka kwana 7 a jere da asuba kafin a ba shi abinci, ka rubuta a littafi. Wannan littafin shi zai riƙa gaya maka gaskiya ranar da idonka ya so ya ruɗe ka.

Mataki na uku: likita kafin sirdi

Mu mutanen Filato mun yi sa'a, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana nan Vom tun 1924, likitocin dabbobi ba su yi mana wuya ba. Kira ɗaya ya duba kashin dokin a ba shi maganin tsutsar ciki da ya dace, a yi masa allurar tetanos, a goge haƙoran ciki idan sun yi kaifi suna yanka kumatu. Ka tambaye shi rigakafin cutar nan ta dawakin Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba da asuba suke yaɗawa, musamman da damina. Dokin da ke da jinin waje ya fi namu na gida saurin faɗuwa da ita, kuma tana kisa. Bayan rigakafin doki yana bukatar hutu, shi ya sa ake yin sa kafin a fara horo. A sa raga mai ƙananan ido a tagogin barga, a shigar da dawaki kafin faɗuwar rana. Kaska kuma a bi ta kullum a ƙarƙashin wutsiya, cikin kunne da tsakanin cinyoyi, don tana kawo zazzaɓin da ke shanye jini, doki mara jini kuwa ba ya gudu.

Mataki na huɗu: ciyarwa

Nan ne aka fi ɓarna, kuma da ƙauna ake yin ta. Fara da sanin nauyinsa. Sami tef irin na tela, auna zagayen ƙirji ta inda majanyi ke bi, sannan auna tsawo daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin gindi, duk da santimita. Ninka zagayen da kansa, ninka da tsawon, raba da 11,880. Misali zagaye 165, tsawo 150, zai ba ka kilo 344 ko kusa da haka. Irin wannan doki yana bukatar busasshiyar ciyawa da harawa aƙalla kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa kullum, wato sama da kilo 5. Wannan shi ne tushen abinci. Hatsi ƙari ne, gwargwadon aiki.

Tumbin doki ƙarami ne, kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga sai ya bi ta baya, in ya tsaya murɗar ciki ce. Don haka dawa ko gero ko masara a raba su sau 3 ko 4 a yini, kada a zuba wa doki irin wannan fiye da kilo ɗaya da rabi a lokaci guda, kuma a fara ba shi ciyawa kafin hatsi. Duk canjin abinci a yi shi cikin kwana 7 zuwa 10, kaɗan-kaɗan.

Dusa tana da daɗin ciyarwa, tana da araha, tana sa doki ya yi ɓul-ɓul. Amma sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, na kalsiyam kuma ya yi kaɗan, idan ta zama ita ce abincin yau da gobe sai ƙashi ya yi laushi, har fuska ta kumbura. Harawar wake da ta gyaɗa su ke cike wannan giɓin. Tsofaffinmu da suke tara harawa a kan rumfa tun kaka ba su san sunan sinadari ba, amma sun san dokin harawa ya fi dokin dusa ƙafa.

Abu biyu na kisa, ga su a kusa da mu. Masarar da ta yi fumfuna: gubarta tana taɓa ƙwaƙwalwar doki, ka ga yana tangaɗi yana bin bango, daga nan sai mutuwa. Da kuma abincin kaji. Jos garin gonakin kaji ne, wani zai ce maka ga ragowar buhu da sauƙi. Akan sa wa wasu abincin kaji maganin da ƙanƙaninsa yake lalata zuciyar doki. Ko buhun da aka juye kada ka zuba hatsin doki a ciki.

Ruwa lita 25 zuwa 45 a yini, ya fi haka ranar gumi. Da sanyin hunturu dawaki suna ƙin shan ruwan da ya kwana a waje, sai ciki ya bushe. A surka musu da ɗan ruwan ɗumi. Gishiri cokali 2 na cin abinci a cikin hatsi kullum. Kanwa al'adarmu ce, ban hana ba, amma 'yar kaɗan, kada ta maye gurbin gishiri.

Mataki na biyar: mako 12 na horo

Ƙirga baya daga ranar tsere. In ba ka da mako 12, bar wannan gasar ta wuce, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mako na 1 zuwa na 3 tafiya ce zalla. Fara da minti 20, ka ƙara har ya kai awa guda, kwana 6 a mako. Yaran barga sun tsani wannan lokacin, suna ganin kamar an mai da su masu kiwon jaki, kuma da ka juya baya za su zabura. Bi su da kanka ko ka sa wanda ka yarda da shi. Tudun Jos alheri ne a nan: hawan gangare a hankali yana gina cinya da baya ba tare da dukan ƙafa ba. Saukowa kuwa kullum da tafiya.

Mako na 4 zuwa na 6 a shigo da sassarfa. Minti 3, a koma tafiya, a sake, har ya iya minti 15 zuwa 20 bai jiƙe sharkaf ba. Mako na 7 zuwa na 9 sai ƙaramar sukuwa, wadda mahayi ke riƙe da shi ba a sake ba, daga mita 800 har zuwa 2,000 ko fiye, sau 3 a mako. A riƙa sauya hannun da ake zagayawa don kada gefe ɗaya ya ɗauki wahalar duka.

Sai mako na 10 ake sake linzami, shi ma ba kullum ba: sau 2 a mako, mita 400 zuwa 600, bayan an ɗumama jiki da tafiya da sassarfa na minti 20. Ba a gudun cikakken nisan tsere da cikakken ƙarfi a gida. Wanda ya yi haka ya ci tserensa ranar Laraba a gaban yaran unguwa, ranar gasa sai ya zo da gajiyayyen doki. Gudu mai ƙarfi na ƙarshe a yi shi saura kwana 4 ko 5, daga nan sai kilisa mai sauƙi.

Bayan kowane gudu ƙirga bugun jijiya. Idan bayan minti 15 bai sauko kusa da 60 ba, aikin ya fi ƙarfinsa, koma baya mako guda. Idan da asuba ka ga ya haura abin da ka saba gani a littafi da 8 ko 10, ko ya bar hatsi a kwano, ranar hutu ce.

Ƙasar da ake gudu a kai ita ce rabin zancen. Da rani jar ƙasarmu tana zama kamar siminti, ga tsakuwa; da damina, musamman Yuli da Agusta, ga santsi. Nemi wuri mai yashi-yashi ko ciyawa, ka taka shi da ƙafarka tukuna don ramuka da kwalabe. Kada ka yarda a shigar maka da doki kududdufan haƙar kuza da sunan iyo, zurfinsu ba shi da tabbas, gefensu kuma yana zaftarewa.

Sannan al'adar da tsohon nan ya koya mini bayan na riga na yi asara. Kowace asuba, kafin doki ya motsa, durƙusa ka shafa ƙafafu huɗu daga gwiwa zuwa kofato da tafin hannu. Lafiyayyar ƙafa sanyi gare ta, jijiyoyin a rarrabe kamar igiyoyin gurmi. Kwatanta hagu da dama. Ɗumi kaɗan a wuri ɗaya, ko laushi kamar ƙullun fulawa, ya isa ka dakatar da aiki, ka zuba ruwan sanyi minti 20 sau 2 ko 3 a yini, ka kira likita. Kofato a gyara shi duk mako 4 zuwa 6, a rage tsinin gaba don dogon kofato yana ja wa jijiya, amma kada a yi gyara ko a buga sabon takalmi ana gobe tsere. A ba shi kamar mako guda.

Mataki na shida: baki, sirdi da mahayi

Dokin da aka hore shi don hawan salla an koya masa zamiya: da ya ji linzami sai ya dunƙule ya ja birki. A tsere wannan hasara ce, don mahayi yana bukatar ya riƙe bakin doki yana kuma gudu. Cire linzamin gargajiya mai zobe ka sa mai gaɓa a tsakiya, mara kaifi, tun makon farko, lokacin tafiya, ya saba jingina da shi. Sirdin gargajiya ma ajiye shi don ranar ado. Na tsere ƙarami ne, likkafa gajera, mahayi ya ɗaga daga baya ya kwanta a kan wuya.

Mahayi ya zama mara nauyi, amma baligi mai hankali. Ban yarda da ɗora yaro ɗan shekara 10 a kan ingarma don a rage kilo ba, kuma babu mai hawa dokina ba hular kwano. Wanda zai hau ranar gasa shi ya kamata ya yi gudun makonni 3 na ƙarshe. Ka lura da hannunsa fiye da bakinsa: mai yawan bulala tun farkon fage ba gwani ba ne.

Doki ɗaya a fage gudu gare shi. Nemi abokai biyu ko uku ku riƙa fita tare daga mako na 8, ya saba da ƙura a fuska, da doki a gefensa, da tsayuwa a layi har a ba da alama. In da tuta ake tashi, ku gwada da tuta. In da akwatin tashi ne, wato kejin da ake rufe doki a ciki har a ba da alama, a bi da shi ta ciki yana tafiya sau da yawa kafin a taɓa rufe shi. Ingarman da bai taɓa ganin goɗiya kusa ba, a fage zai manta abin da ya kawo shi.

Zancen ƙwaya: za a zo maka da ita, a raɗa maka cewa kowa yana yi. Maganin kashe zafi yana ɓoye ciwo ne kawai, dokin ya taka ƙafar da ya kamata ya tausaya mata, ta karye da mutum a kansa.

Mataki na bakwai: tafiya da ranar gasa

Idan gasar a Abuja ce, tuna cewa dokinka ɗan tudu ne, ya saba da sanyin wurin da ya kai kusan mita 1,200 sama da teku. Da an sauka Hawan Kibo aka nufi Akwanga da Keffi iska ta canza. Ku tashi da asuba, a shimfiɗa yashi ko buntu a cikin mota don santsi, kada a ɗaure kansa sama ƙam, yana bukatar sunkuyawa ya fyace. Direba ya bi gangaren nan kamar yana ɗauke da ƙwai. Ku isa saura kwana 2 ko 3, da harawarku da hatsinku, har da jarkokin ruwan gida in zai yiwu, don wani dokin ba ya shan baƙon ruwa. Auna zafin jikinsa safe da yamma bayan isa. In ya haura 38.5 a kira likita, a manta da tsere.

Ranar gasa a ba shi hatsi kaɗan awa 4 kafin lokaci, da 'yar ciyawa. Tsohuwar al'adar hana doki ruwa tun daren jiya don ya yi sauƙi cutarwa ce. A bar masa ruwa, sai dai kada ya cika ciki dab da hawa. Ɗumama shi minti 20, ja majanyi sau biyu, na biyun bayan ya ɗan taka. Ga mahayi kuma magana ɗaya: a tseren mita 1,000 tashi da kyau shi ne komai, amma daga 1,600 zuwa sama ya zauna bayan na gaba, ya bar masu zafin kai su ƙone, ya nemi dokinsa a mita 400 na ƙarshe.

Da an wuce layi kada a ja shi da ƙarfi, ya rage gudu da kansa. Sauke sirdi, kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwa a wuya, ƙirji da tsakanin cinyoyi, ana jan sa yana tafiya, ana ba shi ruwa yana kurɓa, har numfashi ya daidaita. Hatsi sai bayan awa 2. Jama'a za su taru, masu taya murna da masu tayi, wani ma zai ce a sake sa shi a tseren yamma tunda jikinsa ya yi zafi. Ce masa Allah ya kai mu wata shekara. Washegari da asuba, kafin ka buɗe wayarka ka ga hotuna, ɗauki littafinka ka shiga barga, ka durƙusa ka fara da ƙafar gaba ta hagu.